Sojojin Kamino: wa ya fara cin amanar wa?

Ɗan Fage: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Jiya a majalisa aka mayar da ni mahaukaci don kawai na ce 'yan Jedi, jaruman finafinan Star Wars, ba mutanen kirki ba ne. Ku yi mana alƙalanci. A fim ɗin Attack of the Clones na 2002, Obi-Wan, ɗaya daga cikin 'yan Jedi, ya je duniyar Kamino, wadda ba komai a cikinta sai teku da hadari, aka ce masa sojoji dubu 200 sun shirya, wasu miliyan ɗaya na tafe. Dukkansu daga jikin mutum ɗaya, Jango Fett, aka halicce su. An ninka saurin girmansu, ɗan shekara 10 ya zama ƙato kamar mai 20, aka rage musu taurin kai don su yi biyayya. Ba uwa, ba gida, ba wanda ya tambaye su ko suna son yaƙi. Yoda, babban 'yan Jedi, da kansa ya je ya kwaso su zuwa fagen daga. Shekara uku suna mutuwa a gaban iyayen gidansu, ranar da aka ba da Umarni na 66, wato umarnin kashe 'yan Jedi, suka juya musu bindiga, sai kowa ya ce maciya amana. Wa ya fara cin amanar wa?

Malam na Tudun Wada: Ɗan'uwa, gyara kalamanka tukuna. "Aka halicce su"? Halitta ta Allah ce Shi kaɗai. Ka goge, ka yi istigfari, sai mu yi maganar fim.

Ɗan Fage: Allah gafarta Malam, labarin ƙirƙira ne fa. Ni kan zalunci nake magana.

Malam na Tudun Wada: Ko a tatsuniya baki ba ya faɗin wannan.

Baban Iman: Gaskiyar Malam. Ka ce an ƙera su, shi ke nan.

Anti Nas: Ƙera kuma? Garma ce ko wuƙa? Mutane ne masu jini da tsoka, Yaya. A fim ɗin ma an nuna su suna jarirai a cikin kwalabe. Kwafi aka yi, kuma mai kwafi ba ya kawo komai daga babu. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a 1996 a cibiyar Roslin ta Sikotilan, ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara shida aka ɗauka, aka sa a ƙwan wata da aka cire wa nata gadon, aka dasa a mahaifar ta uku. Ƙwai 277 aka haɗa, ɗaya tal ta rayu. Duk kayan aikin na Allah ne. Manomin da ya yanki itacen rogo ya dasa ya sami irin uwar sak, ba wanda ya taɓa cewa ya halicci rogo.

Baban Iman: To ai kin goyi bayan Malam ke nan.

Anti Nas: Ban goyi bayan "ƙera" ba dai.

Sarkin Gardama: Ni abin da ya ba ni dariya, duk nan ba wanda zai iya bayanin nan bai ce "ƙwayar halitta" ba. Kuma Hausawa kullum cewa suke wane yana da kyan halitta. Kalmar ba ta da laifi, ku ƙyale yaro.

Malam na Tudun Wada: Kyan halitta yabon Mahalicci ne. Jingina aikin ga wasu dogayen wuya na Kamino shi ne matsalar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda tun 1997 ta haramta kwafin ɗan Adam. Ba yau aka fara ba.

Sarkin Gardama: Ta haramta aikin, Malam, ba ta haramta ba da labarin fim ba.

Baban Iman: Kai dama duk abin da Malam ya faɗa sai ka ja. Tun rigimar kuɗin walima kake riƙe da shi.

Sarkin Gardama: Kar ka taɓo walima, don har yanzu ba a kawo lissafi ba.

Na Zinder: Waccan tunkiyar ma ai tsohuwa aka haife ta, shi ya sa ba ta yi ƙarko ba. A wani bidiyo na gani.

Anti Nas: Wane bidiyo? Ciwon huhu ya kama ta, aka kashe ta a 2003 tana da shekara shida, bayan ta haifi 'ya'ya shida. A Dubai an yi kwafin raƙuma a 2009, Sin ta bayyana nata na birai biyu a 2018. Na mutum dai ba a taɓa tabbatar da ko ɗaya ba.

Na Zinder: Ba a taɓa ba? To Jubril na Sudan da aka ce kwafin Buhari ne fa? 😂

Ɗan Daura: Ka kiyaye ni. Marigayi Buhari da bakinsa ya ƙaryata wannan ƙazafi a Poland a 2018. Ku bar bawan Allah ya kwanta. Kai kuma ka ji da siyasar ƙasarku.

Na Zinder: Wasa nake, Alhaji. Amma ka ga yadda ka zabura?

Ƙanwar Kowa: Yayana Ɗan Fage, ni na ga The Clone Wars, shirin da ya ci gaba da labarin sojojin nan. Wani abu aka dasa musu a ƙwaƙwalwa tun suna ƙanana, wani soja mai suna Fives ya gano, aka kashe shi kafin a yarda da maganarsa. Ke nan ba da son ransu suka harbi Jedi ba, Palpatine, shugaban gwamnatinsu, shi ne ya kitsa komai.

Ɗan Fage: Yauwa ƙanwata! Ga wadda ta karanta abin da na rubuta. Ku amsa mata.

Sarkin Gardama: Tsaya tukuna. Malam, ga tambaya. Jango ya nemi a ba shi kwafi ɗaya da ba a taɓa komai a jikinsa ba, ya raine shi, shi ne Boba. Da aka sare kan Jango, Boba gadon ɗa zai ci ko na ɗan'uwa? In ɗa ne, sauran miliyan ɗin fa?

Malam na Tudun Wada: Ba na raba gadon mutanen fim.

Sarkin Gardama: Amma kana gyara musu kalma.

Baban Iman: Rashin kunya ke nan. Shugaba, kana ina?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta komai, ga taƙaitawa. An yi ittifaƙi cewa kalmar da Ɗan Fage ya yi amfani da ita kuskure ce, kuma Malam ya yi bayani mai gamsarwa da hujja, Allah ya ƙara masa lafiya. Anti Nas ta tabbatar da maganar Malam ta fuskar kimiyya. Sarkin Gardama bai kawo komai ba sai neman fitina, wannan ne gargaɗinsa na ƙarshe, kuma lissafin walima yana hannuna, mai so ya same ni. Batun ko Jedi azzalumai ne, ni ban kalli fim ɗin ba, amma da alama ba su da laifi tunda ba su suka fara harbi ba. An rufe.

Anti Nas: Shugaba, ni ban tabbatar da maganar kowa ba.

Shugaban Zaure: Na ce an rufe, Hajiya.