Neman kalmar Hausa da za ta ɗauki nauyin "newfangled"

'Yan'uwa masu aikin fassara, akwai wata tsohuwar kalmar Turanci, newfangled, wadda na lura cewa duk lokacin da ta faɗo cikin rubutun da ake mayarwa Hausa sai a sallame ta da "sabo" ko "na zamani" a wuce. Wannan fassarar ba ƙarya ba ce, amma tana zubar da rabin ma'anar, domin Baturen da ya kira abu da wannan suna ba labarin sabuntarsa kaɗai yake bayarwa ba, yana taɓe baki ne, yana nuna cewa abin bai burge shi ba kuma bai ga dalilin da ya sa aka bar na da aka rungumi wannan ba. Shawarar da nake kawowa ita ce mu tsayar da "tsirfa" ga ma'anar da kalmar take da ita a yau, mu kuma ware "ɗokin sabon abu" ga ma'anarta ta farko, wadda masu fassara tsofaffin littattafai ne kawai za su ci karo da ita. Kafin a karɓa ko a ƙi, ya kamata a san inda kalmar ta fito.

A Turancin tsakiyar zamani, wanda aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 12 zuwa na 15, siffarta newefangel ce. Gaɓar farko ita ce kalmar new, wato sabo, da kowa ya sani. Gaɓa ta biyu ta samo asali ne daga wani fi'ili na tsohon Turanci, fon, mai ma'anar kamawa ko cafkewa, wanda ɗan'uwansa yake nan da rai a Jamusanci a siffar fangen, da ma'anar kamawa har yau. Daga wannan tushe ne kuma Turanci ya samu fang, sunan da yake kiran fiƙar kare ko haƙorin dafin maciji, wato abin da dabba take cafka da shi. Saboda haka ma'anar farko ita ce mai saurin cafkar sabon abu. Abin lura a nan shi ne siffar mutum ce, hali ne da ake zargin mai shi da shi, ba siffar kaya ba.

Haka Geoffrey Chaucer, mawaƙin Ingila da ya rasu a shekarar 1400, ya yi amfani da ita a cikin Hikayoyin Kantabari. A ɗaya daga cikin hikayoyin akwai wata gimbiya mai zoben da yake sa ta fahimci maganar tsuntsaye, sai ta tarar da wata macen shaho tana kuka saboda namijinta ya guje ta ya bi shirwa. A cikin kokenta ne tsuntsuwar ta ce son sabon abu ɗabi'a ce a jinin maza, ta kwatanta su da tsuntsun da aka ajiye a keji ana ba shi sukari da zuma da burodi da madara, amma da zarar an buɗe ƙofa sai ya tashi ya nufi daji ya ci tsutsa. Wanda ya karanta wannan wuri zai ga cewa zargin da ke cikin kalmar na rashin riƙon amana ne da rashin tsayawa wuri guda, har ma da barin mai kyau a koma ga marar kyau don kawai ba a saba da shi ba.

Wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka liƙa mata ɗafin -ed a ƙarshe, kuma wannan ƙaramin ƙari ne ya buɗe ƙofar sauyin ma'ana, domin kunnen mai sauraro ya fara jin ta kamar siffar abin da aka ƙera. A cikin ƙarni na 16 ma'anoni biyun suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Littafin addu'o'in Cocin Ingila na shekarar 1549, wanda aka fitar a zamanin Sarki Edward na Shida lokacin da ake ta jayayya a kan waɗanne al'adun ibada za a bari da waɗanda za a soke, ya yi amfani da ita a kan mutane, inda ya soki masu son a sabunta komai har suna raina duk abin da ya tsufa. Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, kuwa ya yi amfani da duka biyun: a wasan As You Like It wata budurwa ta yi wa masoyinta barazanar cewa idan sun yi aure za ta fi biri wannan hali, wato tsohuwar ma'ana ke nan, a wata waƙarsa da aka buga a 1609 kuma ya ɗora kalmar a kan tufafin da masu su ke alfahari da su, wato sabuwar ma'ana. Daga baya tsohuwar ta dushe. Turawa ma da suka manta asalin gaɓa ta biyu sai suka yanko fangle suka mayar da ita suna mai ma'anar wani ƙirƙirarren abu marar amfani, har aka ƙago kishiyarta, oldfangled, wadda mawaƙi Robert Browning ya sa a wata waƙa a 1842.

Wannan tarihi ya nuna cewa zargin ya tashi daga kan mutum ya koma kan kaya, amma bai taɓa barin kalmar ba. Duk kalmar Hausar da za mu zaɓa dole ta zo da wannan rainin a cikinta, ba sai mai fassara ya ƙara jimla guda don ya bayyana shi ba.

Da wannan ma'auni, "na zamani" ta faɗi tun a zagayen farko, domin yabo ce a bakin yawancin mutane, kuma ita ce masu talla suke rubutawa a allunansu: asibitin zamani, injin zamani, noman zamani. Haka ma "sabuwar fitowa", wadda ɗan kasuwa yake faɗa don ya ƙara wa atamfa daraja. "Yayi" ta fi su kusa, tunda tana ɗauke da ma'anar abin da zai wuce, amma tana buƙatar jama'a: ba a cewa abu yayi ne sai mutane da yawa sun ɗauka. Kalmar Turancin kuwa ana iya jifan abin da mutum ɗaya tak ya zo da shi da ita, tun kafin kowa ya kwaikwaya.

"Bidi'a" ce ta fi jan hankali, kuma na san akwai waɗanda za su tsaya a kanta, musamman idan suka dubi misalin 1549 inda maganar ta shafi ibada kai tsaye. Hujjarsu tana da ƙarfi: kalmar Larabci ce da asalinta yake nufin ƙago abin da babu irinsa a da, kuma a Hausa tana zuwa da ƙyama a shirye. Matsalar ita ce nauyinta ya wuce kima. A ƙasar Hausa wannan kalma ta malamai ce, tana cikin sunan littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, tana kuma cikin cikakken sunan ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978. Idan marubucin Ingila ya sa wani tsoho yana gunaguni a kan na'urar dafa shayi, mai fassara kuma ya sa masa "bidi'a" a baki, ya mayar da gunaguni hukunci, ya kuma shigar da mai karatu cikin wata muhawara da marubucin bai san da ita ba. Gaskiya ne cewa Bahaushe yakan ce bidi'ar biki yana nufin kaɗe-kaɗe da shagulgula, amma wannan ma ya karkata zuwa almubazzaranci da annashuwa, ya bar zancen sabunta. A bar "bidi'a" ga rubutun da yake magana a kan addini, inda a can ma sai an duba ko marubucin hukunci yake yankewa ko kuwa ba'a yake yi.

Saura biyu, "sabon salo" da "tsirfa", kuma a nan ne zaɓin yake da wuya. "Sabon salo" tana da gatan da babu mai musunsa, wato karin maganar nan ta sabon salo, kiran salla da usur, wadda ta tattara duk abin da kalmar Turancin take nufi: an bar hanyar da ta wadatar an ɗauko wata da ba ta dace ba. Sai dai idan aka cire rabin karin maganar na biyu, rainin yana tafiya tare da shi. Gidajen rediyo da jaridu suna cewa gwamnati ta ɓullo da sabon salon biyan albashi ba tare da nufin suka ba, kuma mai karatu ba zai ji wani taɓe baki a ciki ba. A baki, murya tana iya cike giɓin. A rubuce babu murya, mai fassara kuma da rubutu yake aiki.

"Tsirfa" ba ta da wannan rauni. Ba a yabon abu da ita. Uwar da ta ce wa 'yarta "wannan kuma wace irin tsirfa ce?" ta riga ta faɗi abubuwa uku a kalma ɗaya: ba a saba ganin abin ba, ba a bukatarsa, kuma wanda ya zo da shi neman a kalle shi yake yi. Tana kuma da wata fa'ida da ta dace da tarihin da muka bi, domin tana hawa kan mutum da kaya duka: ana cewa wance akwai tsirfa, ana kuma cewa ɗinkin tsirfa. Ga sauƙin sarrafawa a jimla, tunda Hausa takan gina irin wannan siffa da na ko ta, ko da ɗafin mallaka: na'urorin tsirfa, dabarar tsirfa, wani tsari na tsirfa. Inda Bature ya haɗa kalmar da raina zamani gaba ɗaya, "tsirfar zamani" ta zauna daram.

Za a iya cewa "tsirfa" ta fi zama a bakin mata da hirar cikin gida, don haka ba ta dace da rubutu mai nauyi ba. Amsata ita ce newfangled ɗin ma ba kalmar takardun gwamnati ba ce. A Turancin yau tana da ƙamshin tsufa da ɗan barkwanci, har marubuta sukan sa ta a bakin dattijo mai ƙorafi, ko su faɗe ta a kan kansu don su nuna cewa zamani ya bar su a baya. Kalmar da ta fito daga tsakar gida ta fi dacewa da wannan matsayi fiye da wadda aka ɗauko daga zauren malamai. Abin da na yarda da shi daga wannan suka shi ne cewa "tsirfa" takan jingina abin ga wanda ya tsiro da shi, saboda haka idan jimlar tana magana a kan wata fasaha da ta game duniya, kamar wayar hannu a bakin wanda bai yarda da ita ba, gara a ce "tsirfar zamani" ko "tsirfar Turawa" domin a nuna mai ita.

Ga tsohuwar ma'ana kuwa, ta Chaucer da littafin 1549, "tsirfa" ba za ta yi ba, domin shahon da ya bi shirwa bai ƙago komai ba, rawar jiki ya yi a kan abin da bai saba da shi ba. Wannan shi ne ɗoki, kuma ɗoki yana da halin da ake nema, wato zafi a farko da saurin hucewa. A rubuta "ɗokin sabon abu" a cike, kada a gajarta shi zuwa "ɗokin sabo", domin a rubutunmu na boko da ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, sabo na sabunta da sabo na shaƙuwa da saɓo idan aka manta lanƙwasa duk suna iya rikicewa, na biyun ma kishiyar abin da ake nufi ne. Budurwar wasan Shakespeare za ta ce za ta fi biri ɗokin sabon abu, tsohon da ke hararar na'urar dafa shayi kuma zai ce shi ba ya shan shayin da aka dafa da wannan tsirfar.