Nauyi na samu, sunan ne ya gagara: shawara kan 782.568 da 189.123

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamaina. Na auna ruwan jini a LC-MS, wato hanyar raba sinadarai a bututun da ake kira kwalam sannan a auna nauyinsu, na'urar Q-TOF ce, kwalam C18, caji fozitif. Da na gama tace bayanai, tsini biyu a zanen sakamakon ne suka fi bambanta tsakanin rukunonin samfurina: 782.568 da ke fitowa can wajen ƙarshe, da 189.123 da ke fitowa da wuri. Na zuba lambobin a HMDB, rumbun bayanan sinadaran jikin ɗan Adam, kowace sai ta zubo mini jerin sunaye har na rasa na kamawa. Don Allah wane rumbun bayanai ne zai ba ni suna guda tak? Mai duba aikina yana jiran tebur.

Mai kula da na'ura: Wa alaikumus salam. Kafin maganar rumbu, kuskuren ppm (kashi cikin miliyan) nawa kika yarje wa binciken? Kuma nauyin da kika sa, kin faɗa masa [M+H]+ ne, wato sinadarin haɗe da furoton ɗaya, ko kin bar shi ya gwada komai?

Ɗaliba: Na sa 20 ppm, Malam, kuma na zaɓi duk abin da ke cikin akwatin don kada wani abu ya kuɓuce mini.

Mai kula da na'ura: To ai shi ke nan, ke kika buɗe ƙofa suka shigo. In an daidaita Q-TOF ɗin a ranar, ki sauko zuwa 5 ppm. A nauyin 782 wannan kusan 0.004 ne gaba ko baya, a 189 bai ma kai 0.001 ba. Sannan ki taƙaita 'yan rakiya, wato abubuwan da ke maƙale wa sinadari su ba shi caji, zuwa waɗanda ke yiwuwa a ruwan da kika yi amfani da shi: furoton 1.0073, sodiyam 22.9892, amoniyam 18.0338 in kin sa gishirinsa a ruwan kwalam, sai fotashiyam 38.9632 jefi-jefi. Jerin zai ragu, amma ba zai koma ɗaya ba, in faɗa miki tun yanzu.

Malamar lifid: Ƙanwata, da na ga 782.568 sai da na yi murmushi, domin kusan duk wanda ya taɓa aikin dangin kitse, wato lifid, ya yi tuntuɓe da lambar nan. Ga lissafin. PC 34:1 (lifid fosfatidilkolin mai kabon 34 a sarƙoƙinsa da tagwayen ɗauri ɗaya), wato C42H82NO8P, nauyinsa 759.5778. Da furoton ya zama 760.5851, da sodiyam ya zama 782.5670. Shi kuma PC 36:4, C44H80NO8P, nauyinsa 781.5622, da furoton ya zama 782.5694. Tazarar da ke tsakanin su 0.0024 ce kawai, kimanin 3 ppm, kuma lambar taki tana zaune daram a tsakiyarsu. Duka biyun suna da yawa a ruwan jini, saboda haka babu wanda za ki kore da cewa baƙo ne. Babu rumbun da zai raba miki wannan gardama, ko da kuwa wanda ya fi kowanne ne.

Abin da za ki yi yanzu, ba sai kin koma kan na'ura ba: zaro layin 760.585 da na 782.568 ki ɗora su a kan juna. In sun tashi tare sun sauka tare, daƙiƙa da daƙiƙa, to na biyun inuwar na farko ce, sodiyam ne ya maƙale masa, kuma bambancin zai kasance 21.982. In kuwa PC 36:4 ne na gaske, a C18 yakan riga PC 34:1 fitowa, domin yawan tagwayen ɗauri yana sa lifid ya saki kwalam da wuri, tsawon sarƙa kuma yana riƙe shi. Kada ki yi mamaki in kin ga tsini biyu a 782, ɗaya na wannan ɗaya na wancan.

Game da rumbu, na lifid ki je LIPID MAPS. Su suka fito da tsarin raba lifid gida takwas a 2005, kuma injin bincikensu yana iya ba ki amsa a matakin jimla, kamar PC 34:1, maimakon ya jero miki kowane tsari da za a iya ƙerawa da waɗannan atom ɗin. HMDB tana da kyau wajen sanin ko an taɓa ganin abu a jikin ɗan Adam, amma kan lifid ita ce ke cika wa mutum allo da tagwaye.

Wani ɗan zaure: Ni dai METLIN nake buɗewa tun ina ɗalibi. Ta cibiyar Scripps ce, kuma hotunan ɓarɓashin da sinadari ke bayarwa in an fasa shi, waɗanda ke ciki, daga sinadarai tsantsa aka ɗauko su a matakan ƙarfi daban-daban. In ba ta da shi sai in leƙa MassBank ko GNPS. PubChem ma ai akwai komai a ciki.

Tsohon hannu: Komai ɗin nan shi ne matsalar PubChem, ɗan'uwa. Akwai miliyoyin sinadarai da aka haɗa a masana'anta ko aka rubuta a takardar mallakar fasaha, ba su taɓa shiga jinin kowa ba. Ka ba ta nauyi kawai, ta ba ka dubu. Ni ba na zuwa can sai na riga na san fomula kuma sauran rumbuna sun ce ba su san shi ba.

Yarinya, bari in taɓa ɗayar lambar taki tunda Malama ta gama da ta farko. 189.123 in ka cire furoton ya rage 188.116, fomular da ta fi zama ita ce C8H16N2O3. Yanzu ƙirga. Ragowar amino asid gilaisin (Gly) a cikin sarƙa 57.0215 ce, ta liyusin (Leu) 113.0841, a haɗa da ruwa 18.0106, an sami 188.116. Aisoliyusin (Ile) nauyinsa ɗaya ne da liyusin har ƙarshen lamba. Alanin 71.0371 da balin 99.0684 su ma jimlarsu ke nan. Kowane biyu kuma ana iya juya su, na gaba ya koma baya. Ke nan Gly-Leu, Leu-Gly, Gly-Ile, Ile-Gly, Ala-Val, Val-Ala, shida ke nan. Ƙara da laisin mai ɗauke da asetil, wanda ba feftaid (sarƙar amino asid) ba ne ma, fomularsa ita ce dai wannan. A nan ko na'urarki tana auna lamba goma bayan ɗigo ba abin da za ta ƙara miki, atom ɗin iri ɗaya ne, jerin ne ya bambanta. Kama da wane ba ta wane.

Ɗaliba: Innalillahi. Baba, to yaya ake yi?

Tsohon hannu: A fasa shi. Ki ware 189.123 ki yi MS/MS, ki duba ɓarɓashin. In kin ga 86.096, akwai liyusin ko aisoliyusin. In 72.081 ne, balin. Laisin mai asetil yakan ba da 126.091 da 84.081. Domin sanin wa ke gaba wa ke baya, nemi guntun ƙarshe: 132.102 na nufin liyusin ko ɗan'uwansa ne a wutsiya, 76.039 na nufin gilaisin ne a wutsiya. Ki fara da ƙarfi kaɗan, ƙananan abubuwa irin wannan in an matsa musu sai su zama gari.

Wata shawara, kada ki kai ƙananan feftaid wajen manhajojin furotin irin su Mascot. An gina su ne a kan gutsattsarin da tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin, ke yankawa, masu tsawo, yawanci caji biyu ko uku. Mai amino asid biyu ko uku ba ya ba su abin ƙirgawa. Kuma na cikin jiki ba duka ke bin ƙa'ida ba. Gulutatayon, 308.091 da furoton, ɗaurin gulutamet ɗinsa ta gefen gama yake, shi ya sa in an fasa shi yake zubar da 129 ya bar 179.048. Irin waɗannan a HMDB da MassBank ake samun su.

Mai kula da na'ura: Ina goyon bayan Baba. Ƙari ɗaya: kin gudanar da fanko? Ina nufin kwalbar da ta bi duk matakan haƙo samfur amma babu jini a ciki.

Ɗaliba: Na yi guda biyu, amma gaskiya ban buɗe su ba.

Mai kula da na'ura: Buɗe su yau. Ni na taɓa shafe kusan wata ina murna da wani tsini a 338.342, yana da yawa a rukuni ɗaya, babu shi sosai a ɗayan. Har na fara rubuta bayanin abin da yake yi a jiki. Ashe erukamaid ne, man da ake sa wa roba don ta yi santsi, kuma rukunin farko a bututun roba na wani kamfani daban aka ajiye shi. Wanda ya nuna mini bai ce komai ba, fankon kawai ya buɗe a gabana. Tun ranar nake da ɗan jeri manne a jikin kwamfuta: 391.284 da 149.023 na fitalet, 445.120 na silikon, da duk wani jerin tsini da ke tafiya da tazarar 44.026, wannan PEG ne, wato polietilin gilaikol.

Malamar lifid: Allah Ya kyauta, Malam, kowa da nasa. Nawa na farko ma ya fi ban kunya: na ɗauki 760.08 da ke rubuce a jikin kwalbar POPC, ɗaya daga cikin nau'o'in PC 34:1, na je ina nemansa a na'ura. Wancan matsakaicin nauyi ne na awo a sikeli. Na'ura nauyin aisotof mafi sauƙi take nunawa daban, sauran su biyo baya.

Tunda zancen ya zo, ƙanwata ki riƙa kallon tsinin da ke bin babban. Tazarar 1.003 na nufin caji ɗaya, rabin haka caji biyu. Tsayinsa kuma yana nuna yawan kabon, kusan kashi 1.1 cikin ɗari kan kowane atom, don haka lifid mai kabon 42 na biyunsa zai kusa rabin na farko, na 189 kuwa bai kai kashi goma ba. Ba zai raba miki 42 da 44 ba, amma yana kashe fomuloli da yawa na banza. Yana cikin ƙa'idoji bakwai da Kind da Fiehn suka wallafa a 2007. In kina son manhaja ta yi miki, SIRIUS ta jami'ar Jena tana haɗa aisotof da ɓarɓashi ta fitar da fomula. Na lifid kuwa MS-DIAL nake ba kowa, kyauta ce, kuma tana duba ɓarɓashin da ke nuna aji kafin ta sa suna. Duk da haka ina bin sunayenta ɗaya bayan ɗaya da ido.

Wani ɗan zaure: MZmine fa? Ni ta fi mini sauƙin haɗa 'yan rakiya wuri guda.

Malamar lifid: Ita ma lafiya lau. Wadda hannunka ya saba da ita.

Ɗaliba: Na dawo. Na sami awa ɗaya a kan na'ura jiya da yamma. A fanko babu ko ɗaya cikin biyun, alhamdu lillahi. 782.568 ɗin da ya bambanta yana kan 760.585 daidai, kamar an zana. Da na fasa shi na ga 723.49 da 599.50, 184 kuwa ɗan mitsitsi. Akwai wani 782 da ya riga shi fitowa, shi 184.073 ne ya cika hoton, amma bai bambanta tsakanin rukunonin ba. Na 189 ya ba ni 86.096 babba da 132.102.

Malamar lifid: Madalla. 723 zubar da 59 ne, 599 zubar da 183, haka PC mai sodiyam ke fashewa. Na gaban mai 184, wato guntun kan PC da ke fitowa in furoton ne a kansa, shi ne PC 36:4. Amma tsaya, shi 760.585 ɗin kansa ya bambanta tsakanin rukunonin? In bai bambanta ba sai mai sodiyam kaɗai, to gishiri kike aunawa, ba lifid ba. Sannan in kina son sarƙoƙin, juya zuwa caji negetif. Da fomet a ruwan kwalam za ki same shi a 804.576, ki fasa, ki nemi 255.233 da 281.249. In sun fito ki rubuta PC 16:0_18:1 da layin ƙasa. Kada ki sa karkataccen layi a tsakani, shi yana nufin kin san wace sarƙa ke zaune a wane gurbi, kuma wannan gwajin bai nuna haka ba. In ba ki yi negetif ba, ki tsaya a PC 34:1.

Tsohon hannu: Naki kuma ya rage biyu, Gly-Leu ko Gly-Ile. A tebur rubuta su duka da "ko" a tsakani. A ma'aunin da masana fannin suka amince da shi a 2007, mataki na ɗaya sai an gudanar da sinadari tsantsa a na'urarki, da hanyarki, lokacin fitowa da ɓarɓashi sun dace. Dacewa da hoton rumbu mataki na biyu ne. Ki sa shafi guda a teburin don matakin kowane suna. In mai duba aikin ya nace sai guda, sai a sayo su biyun, ba su da wuyar samu. Ki gudanar da kowanne shi kaɗai, sannan ki ɗiga kaɗan a cikin samfurin ki ga wanne ne ya hau kan tsininki. Matsalar kawai, abin da ke fitowa da wuri a C18 ba lallai su rabu ba, wataƙila sai kin sassauta gudun farko ko kin koma HILIC, hanyar kwalam da ke riƙe sinadarai masu son ruwa.

Ɗaliba: Allah Ya saka da alheri, Baba da Malama da Malam. 760 ɗin zan duba yanzu, gabana har ya faɗi. Wa ke da hanyar HILIC da ta taɓa raba masa liyusin da aisoliyusin ya taimaka mini da ita?

Mai kula da na'ura: Ina da ta kwalam amaid. Ki turo mini tsawon kwalam ɗinku da girman ƙwayarsa in gyara miki lokutan.