Dan Allah a taimaka, yatsuna sun ƙi sakin jiki a kan jita

Sabon_shiga:
Salam 'yan uwa. Wata 4 kenan da fara koyon jita, irin mai tsirkiyar ƙarfe wadda ba a jonawa da wuta. C da G da Am da D, wato siffofin jera yatsu a kan tsirkiyoyi, duk na iya riƙe su, kowanne shi kaɗai yana fita tsaf, amma da na zo canzawa daga C zuwa G sai kiɗan ya tsaya cak sai na leƙa na jera yatsu ɗaya bayan ɗaya. F kuwa ba a magana, tsirkiya ta 2 (in an ƙirga daga mafi siranta) kullum a mace take. Sau ɗaya a sati nake samun zama amma nakan yi awa 3 ina fama har tsintsiyar hannu ta ɗau zafi. Wane atisaye zan riƙa yi? Wlh abin nan yana raina sosai.

Tsohon_hannu:
Ƙanena awa 3 ɗin nan ita ce matsalar farko. Raba ta, minti 20 kullum ya fi maka, hannu da maimaici yake haddacewa, kuma in tsintsiya ta fara zafi ka ajiye jitar nan take, zafin kan yatsa ne kawai ake jurewa don shi kanta zai zama.

Maganar C zuwa G, canza yadda kake riƙe G ɗin. Sa yatsan zobe a tsirkiya ta 6 firet na 3 (firet su ne gaɓoɓin da ƙananan ƙarafa suka raba a wuyan jitar), na tsakiya a ta 5 firet na 2, ƙaramin a ta 1 firet na 3. To duba C ɗinka, ai na zobe yana ta 5 firet 3, na tsakiya yana ta 4 firet 2, kaga kenan su biyun tare za su hau sama tsirkiya ɗaya ɗaya ba tare da sun sauya siffa ba. Sauke metronom (manhajar da ke ƙirga maka bugu) a waya ka sa shi bugu 60 a minti, bugu huɗu C bugu huɗu G, hannun dama kada ya tsaya ko da na hagu ya makara. In ya gagara ka sauko 45, ba abin kunya bane. Sai ka yi minti ɗaya cur babu tuntuɓe sannan ka ƙara 5.

Yar_tsirkiya:
Gaskiya ne yaya. Ni abin da ya buɗe min hannu shi ne 1-2-3-4 ɗin nan, yatsa ɗaya firet ɗaya, daga tsirkiya ta 6 har ta 1 ka dawo. Ka fara daga firet na 5 don can sun fi matsuwa, hannu ba zai miƙe da yawa ba. Sirrin shi ne kada ka ɗaga yatsan da ka riga ka sa sai lokacin tashinsa ya yi, ni ƙaramin yatsana har tsalle yake yi sama da farko, sai da na rage gudu sosai ina kallonsa sannan ya kwanta. Ka yanke farcen hagu kuma.

Mai_gyara:
Malam kafin ka zargi hannunka kan F, duba jitar. Sau da yawa tsirkiyoyin ne suka yi nisa da wuyan jitar, gwada sa kafo (abin da ake maƙalawa ya danne duk tsirkiyoyin) a firet na 1 ka riƙe irin siffar F ɗin, in ta fita da sauƙi to jitar ce ke son gyara ko tsirkiya mai laushi. Sannan manuni da ke kwanciya a kan tsirkiyoyi a F, ba da tumbinsa ake dannawa ba, ɗan karkata shi gefen da ke da ƙashi, dab da ƙarfen firet, babban yatsa a bayan wuya daidai tsakiya. Kafin nan riƙe Fmaj7, tsirkiya huɗu ce kawai kuma tana shiga wurin F a waƙoƙi da yawa.

Sabon_shiga:
Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na gwada G ɗin yaya, a 50 na samu canji 8 a jere ba tsayawa, ƙaramin yatsan ne dai yake makara. Kafo ba ni da shi tukuna, in na samu zan gwada in faɗa muku yadda F ta yi.