Ƙafafuna suna mutuwa a hankali, an ce ba a ga komai ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka min da shawara. Shekarata 43, ɗinki nake yi. Abin ya faro shekara 3 da suka wuce, lokacin da nake jinyar mahaifiyata, ga 'yan'uwana duk sun zame sun bar min ita, kullum ina tsaye, ko barcin kirki babu. Babban yatsan ƙafata ya fara yi kamar ana tsira min allura. Na ɗauka gajiya ce. Yanzu sagewar ta kusa gwiwa, ƙafa biyun duka. Jiya silifas ya fice min a hanya, ban sani ba sai da yarinyata ta biyo ni da shi a hannu. Idan na taka keken ɗinki sai na leƙa in ga ko ƙafar tana kai. Da dare kuma zugi kamar garwashi. An yi gwaje-gwaje, an ce jijiya ce ta taɓu amma ba a gano dalili ba. Gurguwa zan zama?

Tsohon direba: Hajiya, suga ne. Na rantse miki. Haka nawa ya fara, daga yatsu ya hau kamar safa. Idan ya kai gwiwa sai hannu ya karɓa.

Mai tambaya: Alhaji an auna sau biyu, lafiya lau.

Tsohon direba: Wane awon? Na tsira yatsa da safe? Wannan yana ɓoye mai shi. Ki ce a yi HbA1c, shi ke nuna sugan kusan wata 3, ko wanda ake ba ki ruwan suga a sake ɗibar jini bayan awa 2. Ni sai da na shekara ana ce min lafiya lau.

Uwar biyu: Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ni ma irin ciwon nake fama da shi. Abin da ke ƙona min rai, mutanen gida gani suke raki ne tunda ba ciwon da ido ke gani. Pregabalin, maganin zugin jijiya, ya rage min zugin, amma sagewar tana nan daram, ga jiri. Maigidana har cewa ya yi lalaci ne, ni da nake tashi tun asuba.

Ma'aikaciyar jinya: Anti mai tambaya, ba ki faɗa mana gwajin da aka yi ba, ko magungunan da kike sha. An duba bitamin B12, ƙoda, da thyroid, wato ƙululun da ke maƙoshi? Kin taɓa shan maganin tarin fuka? Isoniazid, ɗaya daga cikin magungunansa, yana taɓa jijiya. Kafin nan, ki riƙa duba tafin ƙafa kullum da madubi, ki zazzage takalmi kafin ki sa, ruwan wanka kuma ki gwada da gwiwar hannu. Allurar ɗinki za ta iya shiga ba ki ji ba.

Mai tambaya: Ban taɓa tarin fuka ba. Bitamin na jijiya kawai nake sha, mai B1, B6 da B12, uku a rana, shekara biyu ke nan.

Ma'aikaciyar jinya: Likita ya sani? B6 idan ya yi yawa aka daɗe ana sha, shi kansa yana lalata jijiya, irin wannan sagewar yake kawowa. Ki kai masa kwalin ya gani.

Mai tambaya: Ai ciwon ya riga maganin. Kuma ranar da ban sha ba na fi jin jiki. Bitamin ne fa, ba ƙwaya ba. Likitan ma bai tambaye ni ba.

Tsohon direba: Ku bar wahalar da baiwar Allah da zancen bitamin. Suga ne.

Mai tambaya: To ni yanzu wanne zan kama? Yau da safe yatsun hannuna ma sun fara, da ƙyar na zura zare.