Milotic Ɗin Da Keken Ɗinki Ya Haifa

Zauren hira na Hausawan Jidda da Makka masu farautar Pokémon, dabbobin wasan waya na Pokémon GO, daren Alhamis.

Sadiƙu: Jama'a ku taya ni murna, Feebas ɗina, ɗan kifin nan na cikin wasan, ya rikiɗa ya zama Milotic! Ga Milotic nan, ku sha kallo.

Yaya Bashir: Dakata tukuna ƙanena. Ran Litinin muka kama Feebas ɗin nan tare a Kornish, bakin tekun Jidda, daidai inda ake hango nafurar Sarki Fahad mai feshin ruwa. Sharaɗin rikiɗarsa biyu ne, alewar wasan 100, sannan ka ɗauke shi abokin tafiya ku taka kilomita 20. Alewar ban yi musu ba, na san ka daɗe kana tara Rare Candy, alewar da ke yi wa kowane Pokémon. Amma kai da ko shagon bakin layi sai ka aiki yaro, yaushe ka ci kilomita 20 a kwana uku?

Sadiƙu: Yaya ai ba a tambayar maharbi inda ya samo nama.

Rabi: Ni zan faɗa tunda gidanmu ɗaya. Umma na da ɗinkin biki, kala tara. Ya zura wayar cikin safa, ya ɗaure ta da tsumman atamfa a jikin fedar keken, ya rufe wasan ya je ya kwanta ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyi. Umma na taka feda, Adventure Sync, tsarin wasan da ke ƙirga tafiya ko an rufe shi, na ƙirga masa taku. Jiya har ta yi masa faɗa wai ƙarar wayarsa ta hana ta jin rediyo.

Yaya Bashir: To ku ji maganata, kuma ba zan janye ba. Wanda bai taka kilomita 20 ɗin da ƙafarsa ba, Milotic ɗinsa na bogi ne. Wannan na Umma ne, a kai mata abinta.

Sadiƙu: Bogi ta ina? Ban taɓa GPS ba, ban sauke wata manhajar yaudara ba, ban yi tsalle daga unguwar Hindawiyya na dira Tokiyo ba. Wayar ta ji motsi ta ƙirga. Laifin wa?

Yaya Bashir: Ta ji motsi ta ɗauka ƙafarka ce. Ka yi mata ƙarya da safa, shi ke nan bambancinka da masu GPS.

Nura Diliba: Ni fa ina bayan Sadiƙu. Wuni nake a mota ina kai wa mutane abinci, daga Sabil zuwa Ubhur in dawo, amma da zarar gudu ya ɗan wuce na mai sassarfa wasan ya daina ƙirgawa. In tashi aiki sha ɗayan dare, sannan a ce in fita cikin gumin Jidda in yi ta zagaye saboda kifi? Wanda ya sa wannan sharaɗin bai taɓa tsayawa a Jidda cikin Agusta ba, rigarka ta manne a bayanka kafin ka kai ƙarshen layi.

Kawu Tijjani: Ku yaran nan kuna ba ni dariya. Wai kilomita 20 ce wahala. Bari in gaya muku yadda muka san Feebas a Ruby da Sapphire, tsohon wasan Pokémon na na'urar Game Boy Advance, wanda ya fito Japan a 2002. Wuri ɗaya tak ake samunsa, kogin Route 119. Kogin nan gurabunsa ɗaruruwa ne, amma shida kawai ke da Feebas, kuma babu wata alama. Sai ka hau ruwa ka jefa ƙugiya, ka matsa taku ɗaya, ka sake jefawa. Ko ka dace da gurbin, rabi da rabi ne, sau da yawa wani kifin ne zai fito, ka wuce ba ka san ka wuce arziki ba. Shi ya sa kowane gurbi sai ka jefa sau uku ko huɗu. Ni a bayan littafin lissafi na zana kogin, duk gurbin da na gwada in soke shi da biro. Ina gab da gamawa ƙanwata ta ɗauki na'urar ta je garin Dewford ta canza kalmar yayin da mutanen garin ke faɗa. Ashe guraben shida da kalmar nan suke ɗaure. Duk suka sauya wuri. Na yi kuka wiwi, da gemuna yana tsirowa.

Rabi: Kawu wallahi na tausaya maka, amma ita ma Anti ba ta sani ba.

Kawu Tijjani: Ban gama ba. In ka kama shi, sai ka ɗura masa Pokéblock, wasu alewoyi masu ƙara kyau, har ma'aunin kyansa ya kai 170, sannan ya hau mataki ɗaya ya rikiɗa. Kuma cikinsa na da iyaka. Ka ba shi marasa inganci ya ƙoshi kafin ya kai 170, shi ke nan, haka zai tabbata da mummunar fatarsa. Don haka ni a wurina daga na Bashir har na Sadiƙu duk 'yan gata ne.

Sadiƙu: Yawwa Kawu, ka kawo ni inda nake so. Su masu wasan da kansu, da suka fitar da wasannin Black da White a 2010, ba sun kawo wani ɓawo mai suna Prism Scale ba? Ka riƙa wa Feebas, ka yi musaya da abokinka, nan take ya zama Milotic. Babu kyau, babu 170. Su suka fara yanke hanya. In mai gida ya rage tsawon katanga, don me za a zagi wanda ya ƙetara?

Yaya Bashir: Ƙofa mai gida ya buɗe, kai kuma ka haƙa rami ta bayan ɗaki. Musaya tana cikin wasa. Tafiya ma tana cikin wasa, don ita aka ƙirƙiri Pokémon GO tun 2016, a tashe ka daga kan katifa. Ni kwana goma sha ɗaya na yi, kullum bayan isha'i, har sai da takalmina ya ci mini dunduniya. Na san ranar da na cika, na san benci da na zauna na danna rikiɗa. Kai me za ka tuna? Ƙarar keke?

Rabi: Yaya Bashir kai namiji ne, ka fita sha biyun dare ba mai cewa uffan. Ni nawa a saman bene na yi rabinsa, ina kai da kawo tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, rabin kuma a mol ina bin Umma sayayya. Ban ga teku ba, ban ga komai ba. Shi ma na bogi ne?

Yaya Bashir: A'a, ke ƙafarki ce ta taka. Naki halak ne.

Habu Makka: Assalamu alaikum, yanzu na tashi aiki na tarar da saƙo tamanin. To ni a yanke mini hukunci. Keken guragu nake turawa a Harami. Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi. Wayar na aljihu a rufe, ko tunawa da ita ba na yi. Kwana biyu na cika 20. Da ƙafata na taka, amma ba don Feebas ba, don riyal.

Yaya Bashir: Hmm. Wannan kam da sauƙi, amma bai kai na wanda ya fita da niyya ba.

Nura Diliba: Ka gani! Da farko ƙafa, yanzu an koma niyya. Gobe sai ka ce sai an yi alwala.

Kawu Tijjani: Kai Nura, a bar addini a wajensa. Kai ma Habu, ka kashe ƙirgar nan in za ka shiga Harami, raina bai so ba. Mu da muka ga 2001, lokacin da aka haramta katunan Pokémon a ƙasar nan muna ɓoye su cikin safa, mun san abin ba ya son yawan surutu.

Habu Makka: Na ji Kawu, zan kashe.

Sadiƙu: Ashe dai safa tsohuwar sana'a ce a gidan nan. Kuma Yaya, tun 2025 kamfanin Scopely ya sayi wasan daga kamfanin Niantic kan dala biliyan 3.5, ita kuwa Scopely mallakar kamfanin Savvy ce na nan Riyad. Ka hau jirgi ka kai ƙarata, ba nisa.

Yaya Bashir: Ba na kai ƙara. Amma ran Juma'a in muka haɗu a Kornish, kada ka jera shi kusa da nawa a gym, filin dagar wasan. Kuma sunan da ya dace da shi ka sa masa.

Sadiƙu: Na riga na sa masa. Singa.

Rabi: Saƙo daga Umma, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Ta ji ana cewa dabbar tata ce, to ta karɓa. Kuma daga yau duk mai son ɗaura waya a kekenta riyal biyar ne kilomita, kuɗi hannu, kuma ya zo da safarsa wankakkiya.

Nura Diliba: Rabi, ƙarfe nawa take fara ɗinki gobe?