Shawarwari ga mai shirin bincike kan sarrafa na'urori

Da malamai da ɗaliban injiniyanci suka tattauna, shawarar da ta fi yawa ita ce kada ɗalibi ya raina PID, wato hanyar sarrafa na'ura ta auna kuskure tsakanin abin da ake so da abin da ake samu, a riƙa gyara shi. Tsohuwar hanya ce, tun 1942 injiniyoyi Ziegler da Nichols suka fitar da tsarin daidaita ta, amma har yau ita ce ke riƙe zafi da matsin ruwa a yawancin masana'antu. Wanda bai iya saita ta da hannunsa ba, me zai yi da matatar Kalman ta 1960, lissafin da ke kimanta ainihin yanayin na'ura daga awo mai kurakurai, wadda ta taimaka wa kumbon Apollo gane hanyarsa?

Wasu suka ce gwajin Simulink, manhajar kwaikwayon aikin na'ura a kwamfuta, kaɗai bai isa ba. A kwamfuta babu jinkirin bawul, babu hayaniyar firikwensi (na'urar aunawa), sai dai in ka saka su da kanka. Ka haɗa ƙaramin injin lantarki (motor) da Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, ka ga yadda lissafinka zai karkace. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Batun zaɓen maudu'i kuwa, an ce a duba gida: riƙe wutar Najeriya a kan hertz 50 (yawan kaɗawar wutar a daƙiƙa ɗaya), ko inbatar sola. Wanda lasisin MATLAB, manhajar lissafin injiniyanci, ya fi ƙarfinsa, makamanciyarta Octave kyauta ce.