Daga busa usur zuwa fitowa a talabijin: yadda tashoshin jihohi ke haɗa labarin wasanni

Furodusa, Kano: Assalamu alaikum. Wasannin gasar NPFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, galibi ƙarfe 4 ake take su, a tashi wajen 6 saura. Tashar da shirinta na wasanni ke fita ƙarfe 7 ko 7:30 tana da awa ɗaya da 'yan mintuna, ga magariba a tsakiya. Labaran ƙasa sakamako kawai za su karanta su wuce, don haka ƙwallon da Pillars ta ci a filin Sani Abacha, in tashar gida ba ta nuna ba, mai kallo na iya rasa ta. Masu aikin, ku kawo yadda kuke cin wannan awar.

Mai kyamara, Katsina: Wa alaikumus salam, Yallabai. Aikin a fili yake farawa. In kyamara ɗaya ce, a hau sama daidai layin tsakiya, a ɓangaren yamma, rana ta kasance a bayanka. Wanda ya fuskanci yamma da ƙarfe 5, inuwar 'yan wasa zai ɗauko, ba a ganin lambar riga. A lissafa katin ajiyar hoto na kyamara tun a gida: mai giga 64 yana ɗaukar kusan minti 170 a megabit 50 (nauyin hoton da ake ɗauka a sakan), amma a megabit 100 wajen minti 85 zai cika, wato ana tsakiyar zagaye na biyu. Batir uku, a sauya lokacin hutun rabin lokaci ko da na farko bai mutu ba.

Abin da ya fi komai ceton lokaci shi ne takarda da biro. Mutum ɗaya ya zauna gefen kyamara yana rubuta lokacin da ke kan allonta, ba na agogon wasa ba, duk sanda aka ci ƙwallo, aka ba da jan kati ko fenareti. Editan da ya samu wannan takarda zai tsinci wurare takwas cikin minti goma. Wanda bai samu ba sai ya bi wasan tun daga farko.

Edita, Bauchi: Gaskiya ne, Malam. Ƙari a kai: talabijin ɗinmu firem 25, wato hotuna 25, yake tafiya a sakan, yawancin wayoyi kuwa 30 suke ɗauka. In aka haɗa su a aiki ɗaya, ƙwallo sai ta riƙa tsalle-tsalle in kyamara ta juya. Duk wakilin da zai ɗauka da waya ya mayar da ita 25 in tana da wannan zaɓin, ya kuma riƙe ta a kwance.

Wajen turowa, kada a turo wasan duka. Minti uku a megabit 8 mega 180 ne, ya isa rahoto. A WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin bidiyo manhajar tana matse shi, ciyawa ta koma kamar an shafa fenti. Kuma a fita daga fili tukuna, don dubban wayoyi na kan turken sadarwa ɗaya. Kwamfutar edita lallai ta kasance kan UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, saboda 'yan sakan ɗin da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto sun isa su cinye aikin da ba a ajiye ba.

Mai gabatarwa, Kaduna: Ni a rubutu nake ganin ana faɗuwa. Ana rubuta na Turanci, a yanka hoto daidai da shi, sannan a miƙo a fassara. Hausa ta fi cin lokaci, sai hoto ya ƙare murya na tafiya, ko a ce "ya zura ƙwallo" alhali an riga an koma tsakiya. A rubuta na Hausa da kansa, a karanta da agogo a hannu, a naɗi murya, sannan edita ya ɗora hoto. A bar ihun 'yan kallo ya fito sakan uku bayan ƙwallo, kada a yi magana a kai. Takardar sunayen 'yan wasa kuma a karɓe ta kafin a take wasa, a tambayi jami'in ƙungiya yadda ake furta sunayen baƙi.

Mu na NTA akwai ƙarin igiya: ƙarfe 9 dole a haɗe da labaran ƙasa. Shirin da ke gab da lokacin daga ƙarshe ake lissafa shi, a ajiye teburin gasa a can ƙasa, don shi ne za a iya yankewa ba a ji ciwo ba.

Furodusa, Kano: Hajiya, ban yarda a yanke tebur ba. Mai goyon bayan ƙungiyar da ke gudun faɗawa NNL, gasar rukuni na biyu, shi yake jira. Gara a yanke labarin Firimiya ta Ingila, wanda kowa ya gani a gidan kallo, kuma haƙƙin hotonsa ba namu ba ne, sai dai a rubuta sakamako a allo.

Ɗan jarida, Ingila: Na goyi bayan Yallabai. A 2010 BBC ta fara shirin Late Kick Off da daren Litinin: suna ɗaya, amma kowane yanki da nasa masu gabatarwa da ƙungiyoyinsa na ƙananan rukunai. Abin da babban shirin ƙasa baki ɗaya ya bari shi suka kama.

Mai kyamara, Katsina: Wasan waje fa, inda babu kuɗin tafiya Maiduguri ko Jos, a yi musaya da tashar can, amma a faɗa musu ƙarara ana son ƙwallayen ɓangare biyu da hirar kocin baƙi. In ba haka ba, murnar masu gida kaɗai za a turo. Dambe kuma dokarsa daban: kyamara a ƙasa daidai ƙugu don a ga sanda hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, a rage ƙarfin makirfo da hannu, don kalangu na kusa yana fasa sauti, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa a wajen edita.